Baba ya daina amsa wayata saboda sunan garin da aka haifi 'yata

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Damagaram ne, shekarata takwas a Faransa, ina aikin ja da haɗa wayar lantarki a gine-gine. Muna zaune da iyalina a Saint-Denis, wani gari da ke manne da Paris ta arewa. Wata biyu da suka wuce Allah ya ba mu 'ya mace, ita ce ta fari. Dokar ƙasar nan ta ce a kai sunan jariri ofishin magajin gari cikin kwana biyar, sai na sa mata sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, aka ba ni takardar haihuwa ran kwana huɗu. Don murna na ɗauki hoton takardar na tura zauren danginmu na WhatsApp. Wani ƙanena da ya yi boko ya karanta wa Baba, ya fassara masa cewa Saint waliyyin Kirista ne, Denis kuma sunansa. Baba malami ne, ya haura saba'in, yana da almajirai a zaure. Ya aiko mini cewa an rubuta jikarsa a littafin coci, ko dai in sa a canza takardar ko in tashi daga garin. Ranar suna an yanka ragon da na aika kuɗinsa, amma bai yi magana da ni ba, kuma tun daga nan in na kira sai ya miƙa wa wani wayar. Goggona ta fara kiran yarinyar 'yar coci, wai da wasa. Matata kullum cikin kuka take. Wani ya ce ya san wanda zai yi mini wata takardar a gida a rubuta Zinder. Gidan haya kuma a nan ba a samunsa sai an sha wuya. Akwai laifi a kaina a addini? Yaya zan yi da Baba?

Wani ɗan Damagaram, daga Faransa

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya, ya jiƙan mai sunan.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Maganar takarda ta biyu, tofar da ita tun yanzu. Yarinya guda da wurin haihuwa biyu, ɗaya a rajistar Faransa ɗaya a ta Nijar, tarko ne za ka ɗana mata da hannunka, kuma ba yau zai kama ba. Sai ta girma ta je neman fasfo ko gurbin karatu, wani ma'aikaci ya jera takardun biyu a kan tebur ɗaya. Ga shi kuma ƙarya ce tsagwaronta. Ka gudu daga abin da ake tababar laifinsa ka faɗa wanda babu tababa a kansa, gudun gara ke nan an tarar da zago. Takardar da ke hannunka ma ba ta bi ta ƙofar coci ba. Tun 1792 Faransa ta karɓe rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun limaman coci ta miƙa wa ofisoshin magajin gari, a 1905 kuma ta raba coci da gwamnati ɗungurungum. Tashi daga garin shi ma ba zai goge komai ba, don an riga an haife ta. In ka matsa garin da ke maƙwabtaka da ku, Saint-Ouen za ka faɗa, wani waliyyin ne. Lardin da kuke ciki gaba ɗaya sunansa Seine-Saint-Denis. Garuruwa da ƙauyukan Faransa masu Saint a gaba dubbai ne, masu sunan Martin kaɗai, wani babban limamin birnin Tours da ya rasu a 397, sun haura 200.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, rabin labari ya bayar. Ga sauran, don ya kamata mutum ya san ƙasar da yake takawa.

A tsakiyar ƙarni na 3 ƙasar da ake ce wa Faransa yau lardi ce ta daular Rum, Paris kuwa ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogi. Kiristoci a lokacin 'yan tsiraru ne, hukuma na farautarsu. A shekara ta 250 sarkin Rum ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga gumakan daula a ba shi takardar shaida, wanda ya ƙi ya kuka da kansa. A irin wannan zamani aka fille kan Denis, shugaban Kiristocin Paris. Dokar Rumawa ta hana binne gawa a cikin gari, maƙabartunsu duk a bakin hanya suke, bayan ganuwa. Shi ya sa aka binne shi a wani ƙauye da ke kan hanyar arewa, ana ce masa Katuliyakus, kamar kilomita tara daga tsakiyar Paris ta yanzu. Kiristoci suna da labarin cewa bayan an sare kan ya sunkuya ya ɗauka, ya taka da ƙafarsa daga tudun Montmartre har inda yake son a binne shi. Ƙarnoni bayan mutuwarsa aka rubuta wannan, amma shi ya sa za ka ga mutum-mutuminsa riƙe da kansa a hannu.

Da sarki Kustantin ya ɗage wa Kiristoci takunkumi a 313, sai kaburburan waɗanda aka kashe saboda addini suka zama wuraren ziyara. Marar lafiya ya zo, mai neman haihuwa ta zo, mai hali kuma ya bar wasiyya a binne shi dab da kabarin, yana fatan maƙwabtakar ta amfane shi. Wajen 475 wata mata mai faɗa a ji a Paris, Geneviève, ta sa aka gina coci a kan kabarin Denis. To, duk inda baƙi ke sauka, mai tuwo zai zo, mai masauki zai zo, mai kyandir da mai gyaran takalmi za su kafa rumfa. Ruhubanawa, wato Kiristoci masu keɓe kansu don ibada, suka tare, aka ba su gonaki, aka kafa kasuwar shekara-shekara a watan Oktoba lokacin bikin tunawa da shi. Matafiyi in an tambaye shi ina ya nufa, ba zai wahalar da bakinsa da Katuliyakus ba, sai ya ce wajen Denis za ni. A haka sunan kabari ya cinye sunan ƙauye, ba tare da wani ya zauna ya raɗa ba. In ka taɓa zuwa Sakkwato ka san yadda abin yake. Mutum ya tare ɗan acaba ya ce masa Hubbare, ɗan acaba bai tambaye shi aƙidarsa game da ziyara ba, kwatance aka yi masa, ya ja babur.

Sarki Dagobert ne sarki na farko da aka binne a cocin, a 639, daga baya ya zama maƙabartar sarakunan Faransa, kusan dukkansu. Har Charles Martel, wanda ya tare rundunar Musulmin Andalus a 732, nan aka sa shi a 741. Duniya ke nan. Yau 'yan taku kaɗan daga ƙofar wannan coci kasuwa ce da matarka za ta sayi kuɓewa da naman halal. An taɓa goge sunan garin sau ɗaya. A 1793 masu juyin juya hali suka tone kaburburan sarakunan, suka zuba ƙasusuwan a rami, suka sa wa garin Franciade, sunan da bai wuce 1800 ba. Waɗannan mutane ba kishin tauhidi ya motsa su ba, da sarauta da coci suke yaƙi a lokaci guda.

Abin da ya faru a garinku ya faru ko'ina a daular Rum tsakanin ƙarni na 4 da na 7. A Ingila wani ƙaton birnin Rumawa, Verulamium, ya zama kufai, mutane suka koma kan tudun da kabarin wani Alban yake, garin yau St Albans, cocinsa ma da tubalin tsohon birnin aka gina shi. Amma wanda ya shafe mu shi ne gabas, domin can ne Musulmin farko suka tarar da irin waɗannan sunaye, suna da mulki a hannu, suna da ikon canzawa.

Akwai wani gari a saharar Sham, kudu da kogin Furatu, kusa da Raƙƙa, sunansa Rusafa. A farkon ƙarni na 4 aka kashe wani hafsan sojan Rum a wurin, Sarjiyus, Larabawa suna ce masa Sarjis. Kabarinsa ya yi suna har sarki Anastasiyus, wanda ya yi mulki daga 491 zuwa 518, ya mayar da sunan garin Sarjiyofolis, wato birnin Sarjis. Larabawa Kiristoci, Gassanawa da Banu Taglib, sun riƙe shi da hannu biyu, har tuta suke ɗagawa da sunansa a fagen yaƙi. Da Halifa Hishamu ɗan Abdulmalik ya hau mulki a 724, nan ya zaɓa ya zauna, ya gina masallacin Juma'a jingine da harabar cocin Sarjis, har da ƙofa tsakani. Kufan gine-ginen biyu suna nan. A wannan gari sunan Girkanci ya faɗi, Larabawa suka ci gaba da cewa Rusafa kamar yadda kakanninsu ke faɗi, amma cocin ya ci gaba da aiki ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin mulkin Musulmi.

A wasu wuraren sunan waliyyin ne ya zauna daram. Gabas da Ƙudus kaɗan akwai garin da Injila ke kira Betanya, inda Kiristoci ke cewa Annabi Isa, alaihis salam, ya tayar da wani Li'azaru daga kabari. Tun wajen 384 wata mai ziyara daga yammacin Turai ta rubuta cewa ana kiran wurin Lazariyum. Yau sunansa Al-Azariyya, galibin mazaunansa Musulmi ne, da wannan suna suke cike takardunsu. Abu Ƙir da ke gefen Iskandariyya a Masar, Abba Kir ne, wani shahidin Kiristoci da aka kai ƙasusuwansa wurin a farkon ƙarni na 5. Umaru ɗan Abdul'aziz, wanda ba a ambatonsa sai da adalci, littattafan tarihi sun ce ya rasu a shekara ta 101 bayan hijira a Dairu Sam'an, ma'anarsa gidan ruhubanawa na Saminu, can kuma aka binne shi. Malaman da suka rubuta haka ba su ga abin sakayawa ba. A Turkiyya, kusa da kufan Afisa, sarki Justiniyan ya gina ƙaton coci a ƙarni na 6 a kan kabarin da ake danganta wa Yohanna almajirin Annabi Isa. Girkawa suna yi masa laƙabi da Ayos Teologos, bakin Turkawa ya murɗe shi ya koma Ayasuluk. Sarakunan Musulmi sun yi mulki a garin da wannan suna, sun gina babban masallaci a gindin tudun a 1375. Ibn Batuta, wanda ya ratsa ƙasarku ta Takadda a 1353, ya sauka a can kafin nan, ya kuma kira garin da sunan da ya ji ana kiransa. Sai a 1914 aka canza shi zuwa Selçuk, bayan sama da shekara 500 a hannun Musulmi.

Yanzu mu shiga zauren Malam mahaifinka, don hujjar da ta fi duk waɗannan ƙarfi tana cikin gafakarsa, ko a kan buzun da yake zama.

Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san Shu'ara, diwanin mawaƙan jahiliyya shida: Imru'ul Ƙaisi, Nabiga, Alƙama, Zuhairu, Ɗarafa da Antara. Ni ma na durƙusa a gabansa, ina biya baiti malam na fassarawa, kuma na shekara da shekaru ina ganin sunan wanda ya tattara shi a bangon littafin ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. Sunansa Yusufu ɗan Sulaimanu, ana ce masa Al-A'alam saboda tsagar da ke leɓensa na sama, nisbarsa kuma Ash-Shantamari. Ya rasu a Ishbiliya a 476 bayan hijira. Shantamari nisba ce zuwa garinsu, Shantamariyyatul Garbi, wanda yau ake kira Faro a kudancin Fotugal. Shantamariyya kuwa Santa Mariya ce, wato Waliyyiya Maryamu a bakin Kiristoci. Wannan Shanta ɗin ita ce Saint ɗin da ke kan takardar 'yarka, kalma ɗaya ce daga Latin, bakuna ne suka bambanta. Babban malamin nahawu da lugga, Musulmi ɗan Musulmi, ya ɗauki wannan nisba a jikin sunansa har kabari, malamai kuma suna ta kwafe ta da hannunsu kusan shekara dubu, daga Andalus zuwa Fas zuwa Timbuktu zuwa Katsina da Damagaram. Akwai ɗan ƙasarsu ma, Ibn Bassam Ash-Shantarini, mutumin Shantarin, Santarém ta yau, garin da aka sa wa sunan wata waliyyiya Irene.

In ma Malam bai ajiye Shu'ara ba, Jalalaini dai ba ya rasa shi, da shi ake tafsiri kowane azumi. A Suratus Saffat, inda Annabi Ilyasu ke ce wa mutanensa shin Ba'al kuke kira ku bar mafi kyawun masu halitta, mai Jalalaini ya yi bayani cewa Ba'al sunan gunkinsu ne na zinariya, kuma da shi aka sa wa garin suna aka haɗa da Bakka. Ba'alabakka ke nan, a Lebanon. Wannan fa ba waliyyi ba ne, gunki ne da Alƙur'ani ya ambata da suna ya aibata. Sahabbai suka ci garin a zamanin Sayyidina Umar suka bar masa sunansa. A nan aka haifi Imamu Auza'i a 88 bayan hijira, kuma malamai da yawa sun amsa nisbar Al-Ba'ali ba wanda ya ce sun yi shirka.

Dalili kuwa malamai sun daɗe da rarrabe shi. Raɗa suna daban, ba da labari daban. Musulmi ba zai raɗa wa ɗansa Abdu Manafi ba, amma ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira danginsa da ya Bani Abdi Manaf, don da wannan aka san su. Layin da ke kan takardar 'yarka amsar tambaya ce guda, a ina aka haife ta. Ba a damƙa ta ga Denis ba, ba a nemi albarkarsa ba, ma'aikacin da ya buga takardar wataƙila shi kansa bai taɓa shiga cocin ba. Mai ƙorafi zai ce ai Annabi ya canza Yasriba zuwa Madina, ya canza wa mutane munanan sunaye. Gaskiya ne, kuma wannan aikin wanda gari ke hannunsa ne. Kai baƙo ne mai biyan haya. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, in kana son ta a rubuce ka nemi malamin da Baba ke ganin girmansa, amma a iya abin da na karanta ban ga laifin da ka yi wa Allah a wannan takarda ba. Mu duka muna rubuta Janairu da Maris a wasiƙunmu, su kuwa sunayen gumakan Rumawa ne kai tsaye.

Kada ka yi gaggawar murna, ɗana, don ba a nan gizo ke saƙar ba. Na ƙirga kwanakin da ke cikin wasiƙarka. Ran kwana huɗu takarda ta shiga zauren dangi, suna kuwa ran bakwai ne.

Ka dubi abin daga inda Malam yake zaune. Mutumin da ya shekara arba'in ko hamsin ana sallama da shi da asuba a kai shi gidajen mutane, a raɗa masa suna a kunne, ya yi addu'a a shafa, sannan maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. 'Ya'yan unguwa nawa ne suka samu suna ta bakinsa? Yau ga 'yar fari ta ɗansa da ke bayan teku, sai ya ji sunanta a bakin yaro yana karanto Faransanci daga waya, a daidai lokacin da kowa ya ji, har da ƙananan yara da surukai. Sunan kuma ba na kowa ba, na matarsa ce da ya binne. Kai ka yi ne don ka faranta masa, na yarda. Amma ba ka tambaye shi ba. Ko da doka ta ƙure ka da kwana biyar, kiran waya na minti uku a daren haihuwa ya isa: Baba, hukuma na son suna cikin kwana biyar, me za a sa? Da wuya ya zaɓi wani suna ban da wanda ka zaɓa, amma da daga bakinsa ya fito.

Dattijo irin Malam ba zai buɗe baki ya ce an ɓata mini rai don ba a shawarce ni ba. Kunya ba za ta bar shi ba, girma ma ba zai bar shi ba. Amma zai iya cewa an taɓa addini, don a nan maganarsa ke da nauyi, a nan kuma babu mai ce masa don me. Ban ce tsoronsa na ƙarya ba ne. Tsoho da jikarsa ke girma a ƙasar da bai taɓa gani ba, cikin harshen da ba ya ji, yana da dalilin fargaba, kalmar Saint ta zo ne ta ba fargabar suna. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe masa, ɓacin rai da tsoro, kai kuma wata biyu kana ƙoƙarin amsa na uku.

Saboda haka duk tarihin da na zuba maka a sama, naka ne, don zuciyarka ta natsu, ka kuma natsar da matarka. Kada ka tura shi zauren dangi. Ranar da ka kayar da mahaifinka da hujja a gaban ƙannenka da almajiransa, ka yi nasarar da za ka shekara goma kana biyan bashinta.

Ka nemi mutum ɗaya da Malam ba ya iya ƙin saurara, amininsa na ƙuruciya, ko wansa in yana raye, ko babban almajirinsa da ya riga ya zama malami. Ka aika masa kuɗin goro da turare ya kai da hannunsa, bayan la'asar lokacin da zaure ya watse. Saƙon kada ya wuce wannan: yaro ya ce ya yi kuskure da ya sa suna bai sanar da kai ba, ya kuma baza takarda kafin ranar suna, dokar ƙasar ce ta matsa masa da kwana biyar, amma wannan ba uzuri ba ne, yana neman gafara. Kada a ambaci coci, kada a ambaci Denis. In Malam ya tayar da maganar da kansa, ɗan aiken ya ce takardar ta gwamnati ce, ta ofishin magajin gari, irin wadda ake bayarwa a Zinder, ya tsaya nan. Kai kuma ka ci gaba da kira kowace Juma'a ko da wani za a miƙa wa. Ka gaishe shi ta bakin wanda ya karɓa, ka tambayi ƙafarsa da idonsa da almajirai. Yana jin duk abin da ake faɗa, ba nisa yake yi ba.

In ya fara amsawa, ka bar makonni su wuce. Wata rana cikin hira sai ka yi tambaya irin ta almajiri: Baba, wannan Shantamari da ke bangon Shu'ara, nisba ce zuwa wane gari? Ka yi shiru. In ya sani, ya gane inda ka dosa, kuma ka bar masa hanyar sauka da girmansa. In bai bincika ba a da, zai bincika, malami ba ya barin tambaya ta kwana a kansa. Abin da ya gano da kansa zai karɓa, har ya karantar da shi a zaure kamar shi ya fara lura. Ka bar masa.

Goggo kuwa kai za ka kira ta, ba matarka ba. Ka yi mata gaisuwa mai tsawo, ka aika mata turmin atamfa in da hali, sannan ka ce Goggo, don Allah wannan suna a bar shi, kin san laƙabi in ya kama yaro har furfura yake kai shi. Ba ta nufin sharri, amma yarinyar za ta zo gida wata rana tana da shekara shida ko bakwai, Hausarta na tangal-tangal, in ta tarar sa'o'inta na kiranta 'yar coci, ita da kanta za ta ce ba ta ƙara zuwa. Abin da Malam ke tsoro sai ya tabbata ta hannun 'yan gida.

Matarka kuma ka dube ta da kyau. Haihuwar fari ce, a ƙasar sanyi, babu uwa kusa, babu mai dafa mata ruwan wanka ko dama mata kunun kanwa, ga dangin miji sun mayar da abin murnarta abin magana. Ka ɗauke mata wayar zauren dangi na ɗan lokaci, ka nemo matan 'yan ƙasarku da ke kusa su riƙa leƙo ta. In kukan ya ƙi tsayawa, ko barci da abinci suka gagare ta, ku faɗa wa ungozoma ko likita, akwai ciwon damuwa da ke kama masu jego kuma ana maganinsa. Ku riƙa yi wa yarinyar Hausa a gida tun yanzu, Faransanci zai same ta a makaranta ko kun so ko kun ƙi. Ka fara tara kuɗin jirgi. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, tafiya ce mai wuya da jaririya, amma tsohon da ya haura saba'in ba a yi masa alkawarin baɗin baɗaɗa.

Akwai kuma abu ɗaya da Faransa ba ta rubuta ba tukuna. Yarinya ta ci sunan mahaifiyarka, kai ba za ka iya kiran sunan ba, ƙannenka ba za su iya ba, Malam kansa ba zai so ya ji ana yawo da shi a tsakar gida ba. Dole a yi mata laƙabi, kuma da shi za a san ta, sunan takarda sai makaranta da asibiti. In kun riga kun fara kiranta da wani abu, ku dakata. Ka sa ɗan aiken ya rufe saƙonsa da cewa amaryar Malam tana can wata biyu ba ta da abin kira, an ce ba mai sa mata sai angon.